Motar nuni da motar kasuwa: me ke saura bayan an sauko da ita daga dandali?

Filin tambaya da amsa kan motoci. Wasiƙun wannan fitowar duka daga cikin birnin Kano suke, kuma kan batu ɗaya: motocin gudu da kamfanoni ke bajewa a bukukuwan nuni, da abin da ke isowa hannun mai saye daga baya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wani dillalin motoci a Titin Maiduguri ya nuna mini hoton wata motar gudu mai ƙofa biyu da kamfaninta ya baje a bikin nunin motoci. Ya ce baɗi za ta shiga kasuwa, in ba da kafin alƙalami ya sa ni a layi. Wadda za ta iso Kano za ta yi kama da ta hoton kuwa? Daga wani Alhaji a Nasarawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kafin komai, a bincika wace irin motar nuni ce a hoton, domin ba duka ne aka yi su da niyya ɗaya ba.

Akwai wadda aka yi don a ja hankalin 'yan jarida kawai. Jikinta faiba ne da aka shafe da fenti, wani lokaci ko inji babu, tura ta ake yi ko a sa mata ƙaramar na'urar lantarki da za ta hau da ita dandali. Akwai wadda aka yi don a auna zuciyar masu saye, in an yaba sai a fara lissafin ƙera ta. Sai kuma wadda aikinta ya riga ya ƙare a masana'anta, an yi mata ɗan kwalliya an fito da ita kamar sabon tunani. Ta ƙarshen ce kaɗai za ka iya dogara da hotonta. Misalinta Nissan Z Proto, da aka nuna a Satumbar 2020, aka bayyana ta kasuwa a Agustan 2021. Sai mai lura ƙwarai zai bambanta su, saboda an ɗora ta ne a kan shasin 370Z da ke akwai tun tuni, tazarar tayar gaba da ta baya ma ba ta canza ba, milimita 2,550.

Lokaci shi ne ma'auni na farko. Kamfani kan kulle zanen jikin mota kimanin shekara biyu kafin a fara ƙera ta, domin a samu damar sassaƙa mazubin da za su matse ƙarfe. Saboda haka in da gaske baɗi motar za ta fito, to zanenta ya daɗe da kulluwa, kuma ya kamata a ce an fara ganin hotunan samfurin gwaji a kan titi, lulluɓe da leda mai zanen baƙi da fari. In babu irin waɗannan hotuna ko ɗaya, kuma kamfanin bai ambaci masana'antar da za ta ƙera ta ba, maganar baɗi ta dillali ce, ba ta kamfani ba.

Ma'auni na biyu yana jikin hoton. A faɗaɗa shi a duba: akwai waifa? Akwai madubin gefe na gilashi, ko wani siririn tsinke ne mai kyamara? Akwai mariƙin ƙofa, da murfin tankin mai, da wurin ɗaura lamba? A dubi bamba, ko akwai layin da ya raba ta da fenda, domin motar kasuwa dole bambarta ta ciru. A dubi tazarar taya da bakin fenda. In taya ta cika ramin taf har hannu ba zai shiga ba, motar ba ta da wurin da shoka za ta yi wasa, kenan ba a gama ta ba. A ciki kuma a nemi bel ɗin kujera da tambarin iyabag a tsakiyar sitiyari. Motar da ta cika waɗannan duka, abin da zai canza a cikinta kaɗan ne.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne shasin da za a ɗora ta a kai, kuma nan ne dillalai ba sa zuwa. Toyota ta nuna FT-1 a Detroit a Janairun 2014, doguwa, mai faɗi, mai dogon bonet. Supra da ta fito daga gare ta a 2019 ta riƙe fuskar, da rufin nan mai tudu biyu, da kumburin fendar baya. Amma an ɗora ta a kan shasi ɗaya da BMW Z4, tazarar tayoyinta milimita 2,470, injinta na BMW mai silinda shida lita 3.0, kuma kamfanin Magna Steyr aka ba aikin haɗa su biyun a Graz ta ƙasar Ostiriya. Layukan da aka zana wa doguwar mota sai aka dunƙule su a kan gajera, shi ya sa mutane da yawa suka ce ta yi kama amma ta takure. Wasu ramukan iska da ke jikinta ma a toshe suke da roba. Lexus kuwa ta nuna LF-LC a 2012, ta fito da LC 500 a 2016 kusan yadda take, saboda an ƙera sabon shasi da ya bi siffar motar, ba a tilasta wa siffar bin shasi ba. Bambancin ya fito a farashi: LC 500 ta fara a kan dala 92,000 a Amurka, Supra kuwa kusan dala 50,000. Motar gudu ba a sayar da ita da yawa, don haka ko dai a yi tarayyar shasi siffa ta ragu, ko a riƙe siffa mai saye ya biya.

Game da kuɗin, Alhaji, shawararmu kada a yi cinikin biri a sama. Kafin alƙalami ana ba da shi ne a kan takardar bayanin mota ta kasuwa wadda kamfanin ya fitar da kansa, mai ɗauke da girman inji, irin giya, tsawo, faɗi da farashi. A rubuta a yarjejeniya cewa in ɗaya daga cikin waɗannan ya canza za a mayar da kuɗi, a sa ranar da za a kawo mota, a kuma fayyace da wane kuɗi aka yi ciniki, naira ko dala, ganin yadda canji ke motsi. A tabbata mai sitiyarin hagu ce, domin tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma dokar hanya ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba.

TAMBAYA: Ni mai gyaran jikin mota ne a Ƙofar Ruwa. Da guduma da wuta babu siffar da ba za mu fitar a ƙarfe ba. To kamfanin da ke da injina na biliyoyi, me zai hana shi fitar da jikin motar nuni yadda yake?

AMSA: Sannu da aiki, Malam. Amsar tana cikin tambayarka. Motar nuni da hannu ake yin ta, guda ɗaya, irin aikinku. Ana fara ta da yumɓu na musamman a kan firam, a sassaƙa, a ɗauki zubinta a faiba, inda bai yi ba a cike da foti a goge. Motar kasuwa kuwa fallen ƙarfe ne mai kaurin milimita 0.7 zuwa 0.8, da zai bi ta cikin matsa huɗu zuwa shida a jere: ta farko ta ja shi ya ɗauki siffa, na gaba su yanke gefe, su huda ramuka, su lanƙwasa baki. Kowane falle daƙiƙu kaɗan yake yi, kuma na dubu goma dole ya fito daidai da na farko.

Matsalar tana matsa ta farko. Ƙarfe yana da iyakar miƙewa. In aka ce fendar baya ta kumbura sosai a kan taya, fallen zai yi siriri a wurin da aka fi ja har ya tsage, a gefe kuma inda ƙarfe ya taru ya yi tamoji. In layin jiki ya yi kaifi ƙwarai, falle yana zamewa a kan bakin mazubi ya bar tabon da fenti ba ya ɓoyewa. Bayan an saki matsa kuma ƙarfe yana ɗan komawa baya, alminiyom ya fi ƙarfe wannan hali, ga shi ya fi saurin tsagewa. Sannan duk siffar da ta lanƙwasa ta koma ciki, mazubi ba zai iya sakin ta ba in ya buɗe. Injiniya zai ce a rage zurfin kumburi da milimita kaɗan, a tausasa kaifin layi, ko a raba falle ɗaya gida biyu, sai ga layin haɗi a inda mai zane bai so ba. Waɗannan 'yan milimitoci, in suka taru a jiki duka, su ne ke sa a ce motar ta yi laushi.

Ƙofa ma da nata hukuncin. Gilashinta dole ya sauka cikin ƙofar, don haka lanƙwasarsa ɗaya ce, kuma cikin ƙofa sai ya ɗauki injin gilashi, sandar kariya daga karon gefe, makulli da sifika. Ƙofar da aka tsuke wa ciki a motar nuni sai ta yi kauri. Tazarar milimita 3 zuwa 4 da ake bari tsakanin ƙofa da fenda ba ganganci ba ne, ita ke hana su gogar juna in jiki ya murɗa a hanya ko ƙarfe ya buɗe da zafi.

Akwai hanyoyin kauce wa wannan, amma da tsada. Ana dumama alminiyom a hura shi da iska ya kwanta a mazubi, ko a yi jikin da zaren kabon, sai dai kowane falle yana cin mintuna ko sa'o'i, ba daƙiƙu ba. Shi ya sa motocin da ake ƙera ɗaruruwa kawai, irin Porsche 918 Spyder da aka nuna a 2010 aka fara ƙerawa a 2013 guda 918, suka fi kama da samfurinsu a kan motar da talaka mai rufin asiri zai iya tunkara. Ita kanta Porsche, lokacin da take cikin matsin kuɗi, Boxster da ta nuna a 1993 ta fito a 1996 ta fi samfurin girma, kuma bonet da fitilu da fendar gabanta ɗaya ne da na 911 da ta fito a 1997, don mazubi ɗaya ya yi wa mota biyu aiki.

TAMBAYA: Ina karatun injiniya a Jami'ar Bayero. Ana yawan cewa doka ce ke ɓata motocin nuni. Wace doka ce takamaimai?

AMSA: Ƙanenmu, ba doka ɗaya ba ce, kuma wadda ta fi canza siffa ba ita ce aka fi ambata ba. Tun 2005 Tarayyar Turai ta fara aiki da ƙa'idar kare mai tafiya a ƙasa. Ana harba wani ƙwallo mai nauyin kan mutum a kan bonet a auna ƙarfin bugun, don haka dole a bar fili tsakanin bonet da saman inji inda ƙarfe zai lotsa. Ka bi abin da ke biyo baya. Bonet ya ɗaga, gindin gilashin gaba ya ɗaga. Direba ba zai ga hanya ba sai an ɗaga kujera. Kujera ta ɗaga, rufi ya ɗaga. Jiki ya yi tsayi, taya sai ta zama ƙarama a ido. Santimita kaɗan a bonet sun taɓa motar duka. Wasu kamfanoni sun kauce da bonet mai tsalle: na'ura a bamba tana jin an buge mutum, sai ta cilla bayan bonet sama cikin ƙiftawar ido. Jaguar XK ta 2006 na cikin na farko da suka yi haka. Fitilun nan masu buɗewa kamar ido kuwa sun ƙare a 2004, da Corvette da Lotus Esprit.

Fitilar gaba a ƙa'idar Turai ba ta sauka ƙasa da milimita 500 daga ƙasa, abin da ke matsa wa motar da aka zana da hanci a ƙasa. A Amurka ana buƙatar rufi ya ɗauki nauyin motar sau uku ba tare da ya lotse fiye da ƙima ba, shi ya sa siraran ginshiƙan gilashi ke yin kauri, ga iyabag na gefe da ake ɓoyewa a cikinsu. Kyamara a madadin madubin gefe ta halatta a Turai da Jafan tun 2016, Lexus ES ta fara fita da ita a Jafan a 2018, amma Amurka tana nan a kan madubin gilashi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin motocin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas su hau tirela zuwa Kano na kasuwar Amurka ne. Ko da hoton motar da ka gani na Turai ne, wadda za ta zo tana da madubi da 'yan fitilu ruwan lemo a gefen bamba.

Kada dai a ɗora wa doka komai. Iska ma tana da nata hukuncin, kuma Audi TT ce darasin da ake koyarwa. An nuna ta a Frankfurt a 1995, ta fito a 1998 kusan ba canji, da bayanta mai santsi kamar an goge. Wannan zagayayyen baya yana sa iska ta ɗaga tayoyin baya in gudu ya yi yawa. Bayan haɗurra a manyan titunan Jamus a gudun da ya kai kilomita 180 a sa'a, kamfanin ya janye motocin a ƙarshen 1999 zuwa 2000, ya ƙara ɗan fiffike a kan but, ya gyara ƙafafu, ya sa na'urar hana zamewa. A nan biyayya ga zane ce ta jawo matsala.

TAMBAYA: In jiki ya yi kama, inji fa? Maigidana ya ce abin da aka faɗa a bikin nuni shi za a sa. Daga wata Hajiya a Gyaɗi-Gyaɗi.

AMSA: Hajiya, a gaya wa maigida inji ya fi jiki saurin canzawa, domin a dandali babu mai gwada shi. Jaguar ta nuna XJ220 a Birmingham a 1988 da inji mai silinda 12, taya huɗu na ja, ƙofofi na buɗewa sama. Mutane suka ajiye fam 50,000 kowanne. Da ta fito a 1992, injin silinda shida ne lita 3.5 mai turbo biyu, tayoyin baya kaɗai ke ja, ƙofofi na yau da kullum, farashi ya kai fam 470,000, ga tattalin arziki ya karye. Masu ajiya da dama suka nemi janyewa, magana ta kai kotu, kuma abin da aka ƙera bai kai 300 ba. Motar tana da gudu ƙwarai, amma ba ita aka biya wa kuɗi ba.

BMW i8 ta 2014 ta riƙe siffar samfurinta na 2009 sosai, sai dai injin dizal ya koma na fetur, silinda uku lita 1.5. Honda NSX da aka nuna a 2012 da inji a gicciye ba turbo, an juya injin ya bi tsawon motar an ƙara turbo biyu ana tsakiyar aiki, abin da ya sa aka ƙara mata tsawo da ramukan iska, ba ta isa hannun masu saye ba sai 2016. Jaguar C-X75 ta 2010 kuwa an soke ta gaba ɗaya a 2012. Dalilan sukan zama uku: dokar hayaƙi, nauyi, da zafi. Inji mai turbo yana buƙatar lagireto babba da mai sanyaya iska da mai sanyaya man inji, kowanne da bakin shan iskarsa, shi ya sa fuskar da aka zana a rufe take buɗewa. Mai zama a Kano, inda Afrilu ke wuce digiri 40 ga cunkoson Ƙofar Nasarawa, bai kamata ya yi kuka da wannan canjin ba. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne darajar man da injin ke so, tunda yawancinsu an tsara su ne a kan mai lamba 95 zuwa 98, gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suke sayarwa.

TAMBAYA: Zan iya sa wa motata manyan rim in sauke ta ƙasa ta yi kama da ta nuni? Tayata 225/45 R17 ce. Daga wani matashi a Zoo Road.

AMSA: Za ka iya, ɗan'uwa, amma da lissafi. Kaurin gefen tayarka kashi 45 cikin ɗari ne na 225, wato milimita 101, tsayin taya duka kimanin 634. In ka koma 225/40 R18, gefe ya zama 90, tsayi 637, babu matsala. In ka je 225/35 R19, gefe 79, tsayi 640, lissafi ya yi amma robar da ke tsakanin rim da rami ta ragu sosai. In ka kai 245/30 R20, gefe bai kai 74 ba, tsayi 655, ka wuce kashi 3 cikin ɗari da ake ɗauka a matsayin iyaka: agogon gudu zai nuna ƙasa da gudunka na gaskiya, taya za ta iya gogar fenda in ka karya sitiyari, kuma rami ɗaya da damina ya ɓoye a ƙarƙashin ruwa zai lanƙwasa rim ko ya fitar wa taya ƙulu a gefe. Rim mai nauyi kuma yana gajiyar da shoka da boris da wuri. A titunan Kano mu a 18 za mu tsaya, a kuma tabbata ramukan noti da zurfin zaman rim ɗin sun dace da na asali, ba a cike da washa ba.

Saukewa kuwa, motocin gudu na kasuwa suna fitowa ne da tazarar milimita 110 zuwa 130 daga ƙasa, kuma ko a haka suna gogar tudun rage gudu. Kada a yanke sifirin da injin yanka, domin shoka za ta riƙa dukan ƙarshenta, mota ta riƙa tsalle. In dole ne, a sayi sifirin da aka ƙera wa wannan motar, a tsaya a milimita 20 zuwa 25, a yi alaimen nan take, a sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin kaskon man inji. Kafin a kashe ko sisi, a auna gangaren ƙofar gida da tudun da ke layinku, a haye su a karkace taya ɗaya bayan ɗaya a ga tazarar da ta rage yanzu.